Takwarar Uwa

Masu bibiyar labarina, aminci ya tabbata a gare ku. Wanda ya saba da ni ya san sunana Raudatu, ya san gidanmu a Malumfashi yake, ya kuma san cewa Mus'ab, mai shagon buga kati da kalanda a Funtua, shi ne mutumin da zuciyata ta natsu da shi, har manya sun tsayar da Asabar mai zuwa domin danginsa su zo a sa mana rana. Wanda yau ya fara karanta ni kuwa, abu guda zan ƙara masa: Yasmin, ƙanwar Mus'ab, ita ce matar yayana Sada. A bikinsu muka fara ganin juna. Na daɗe ina ɗaukar wannan kusanci a matsayin sauƙin da Allah ya kawo mini. Sai a makon nan na ga ɗaya fuskar tasa.

Matar da ta raine mu, ni da Yaya Sada, yayar mahaifinmu ce. Gwaggo ya kamata mu ce mata, amma tun da na buɗe ido Uwa na ji ana kiranta, daga mu har yaran unguwa da masu zuwa sayen daddawarta. Mahaifiyarmu ta rasu ina jaririya, mahaifinmu ya bi ta tun ban shiga firamare ba. Sunan Uwa na yanka Lauratu. Ku lura, da yatsa na rubuta muku shi. Bakina bai taɓa furta shi ba, domin a gidanmu ɗa ba ya kiran sunan wadda ta goya shi.

Uwa ta yi aure a ƙuruciyarta, ta haihu ba sau ɗaya ba, amma babu ɗan da ya kai yaye. Da mijinta ya rasu ta dawo gidan ƙaninta, ta tarar da mu muna bukatar hannu. A danginmu an mayar da sunan kowa. An yi wa Baffa Rabe, ƙanin mahaifinmu, takwara har ya daina ƙirgawa. An yi wa matarsa. An yi wa kakannin da babu mai tuna fuskarsu. Uwa kaɗai ce ba a taɓa mayar da sunanta ba. Ba ta taɓa tambayar dalili ba, saboda ta san shi.

Ranar da Yasmin ta sauka a gidansu na Funtua, inda ta je goyon ciki, Yaya Sada yana kudu, ya bi motar masarar da suka loda a kasuwar Bakori. Ya kira wayata ya ce in miƙa wa Uwa. Tana tsakar gida a kan tabarma tana tsince kalwa.

"Uwa," na jiyo muryarsa, "an sauka lafiya. Mace ce. Kin yi takwara."

Ta riƙe wayar da hannu biyu kamar wadda aka miƙa wa ƙwarya cike da nono.

"Mi ka ce, Sada?"

"Na ce kin yi takwara."

"Kai dai ka riƙa faɗin abin da za ka iya," in ji ta. Ta miƙo mini wayar, ta shige ɗaki.

Ta jima a ciki. Da ta fito, fuskarta a wanke take. Ba ta koma kan kalwar ba. Bayan gida ta nufa, inda tumakinta suke ɗaure. Ta zaɓi wata 'yar tunkiya fara mai baƙin kunne, ta yago jan ƙyalle ta ɗaura mata a wuya.

"Wannan ta takwara ce," ta ce, ba tare da ta dube ni ba. "Duk abin da ta haifa nata ne, har ranar da za a yi mata kayan ɗaki."

Daga nan ta buɗe tsohuwar adakarta, ta fito da wani majanyi saƙi, baƙi mai ratsin fari. Da shi ta goya ni, da shi ta goya Yaya Sada, kuma ba don mu aka saƙa shi ba tun asali. Ta wanke shi, ta shanya, ta zauna tana kallonsa yana ɗiga.

Kafin in ci gaba, ya kamata in gaya muku inda nake tsaye a kan maganar suna, don kada ku ɗauke ni wadda ta fi kowa. Ku ma kun san yadda abin ya koma. A da, ranar da aka haife ka ko halin da aka haife ka a ciki shi ke ba ka laƙabi: ga Lami, ga Talatu, ga Nomau wanda ya zo ana tsakiyar noma, ga Anaruwa. Sunan yanka kuwa daga cikin gida ake ɗauko shi, na kaka ko na gwaggo ko na malamin da ya yi wa uba karatu. Yanzu mace tana da ciki wata uku ta fara lalube a waya, tana neman sunan da babu mai shi a unguwa, gajere, mai daɗin rubutawa a jikin kek. Wani daga fim aka tsinto shi, wani ko malamin unguwa sai ya yi ta juya littafi bai samo ma'anarsa ba. A cikin ƙawayena da suka haihu, babu wadda kakar jaririnta take iya faɗin sunansa daidai. Ni da Mus'ab ma mukan yi wannan wasa. Yakan turo mini suna da safe ya ce, "Na ɗiyarmu ta fari." In mayar masa da wani in ce, "Na ƙaninta." Ban ga aibin abin ba, kuma har yau ban ce haramun ba ne.

Ana saura 'yan kwanaki suna, Mus'ab ya zo zance bayan la'asar. Shadda ruwan toka ya sa, ɗinkin ya zauna masa, hularsa zanna ta ɗan karkata hagu yadda ya san ina so, ƙamshin turarensa ya riga sallamarsa shiga zaure. Ni kuma na sa atamfata mai ganyen kore, na yafa farin mayafi. Muka yi hira, ya tsokane ni cewa na zama gwaggo, daga yau sai a riƙa yi mini magana da ladabi. Da zai tafi ya ɗauko wata jaka daga bayan babur ya ce, "Ki kai wa Uwa, ba yawa." Hankalina yana kan fuskarsa, ban dubi jakar ba. Na kai mata ɗaki na ajiye, na dawo na raka shi.

Da na komo, na tarar ta juye sabulu da sukari da ganyen shayi a gefe, ta shimfiɗa jakar a kan cinyarta tana shafa ta da tafin hannu. Hoton jaririyar ne a jiki, cikin furanni ruwan hoda, da rubutu a ƙarƙashinsa. Uwa ta sauke Alƙur'ani tun tana budurwa, amma ba ta yi boko ba.

"Raudatu, zo ki karanta mini," ta ce, tana murmushin da na manta tana da irinsa. "Ga takwara, ga rubutu. Haka sunan nawa yake da boko? Ashe gajere ne."

Na duba. An rubuta: Barka da zuwa, Aira Sada.

Masu karatu, na san akwai daga cikinku wadda za ta ce da ta ce mata e, a wuce wurin. Ni ma harshena ya ɗauko hakan. Amma matar da ta koya mini cewa ƙarya ko ta tausayi ce ƙarya ce, ba ita zan yi wa ba.

"Uwa," na ce, "ba a yanka rago ba tukuna. Abin da aka buga a jikin jaka ba suna ba ne. Suna shi ne wanda liman ya ambata."

Ta dube ni, ta dubi jakar. Murmushin bai ɓace gaba ɗaya ba, a hankali ya riƙa janyewa.

"To, ba shi ba ne ke nan," ta ce. Ta ninke jakar da kyau, ta tura ƙarƙashin filo. "Ki bar maganar nan. Kada ki tayar wa yaron nan da hankali yana kan hanya."

Kafin magariba na leƙa bayan gida. Jan ƙyallen ba ya wuyan tunkiyar.

Na ɗauki waya na rubuta wa Mus'ab: "Wa ya ba ka sunan da ka buga?"

"Hajiyarmu da maijego. Ya yi kyau ko? Ni na zaɓi launin."

"Yaya Sada ya sani?"

"Za a gaya masa. Rauda, kofuna da jakunkuna da kalanda duk sun fito. Ƙawayenta har sun ɗora a sitatus."

"Tun ba a yanka rago ba?"

"Zamani ne, ranki ya daɗe. Inji ba ya jiran rago."

"Ya yi wa Uwa alkawari da bakinsa."

Na ga yana rubutu yana gogewa, yana rubutu yana gogewa. Can sai ga shi: "Kin san ina girmama Uwa. Amma ki tuna yarinyar nan makaranta za ta shiga. A kira wannan suna a aji, sai yara su waiga su zaci mai kawo daddawa ce ta shigo." Ya haɗa da fuskar dariya.

Na daɗe ina kallon fuskar nan mai dariya. Sannan na rubuta: "Da daddawar aka kai ni makarantar da na koyi karanta saƙonka."

Ya kira, ban ɗauka ba.

Washegari na shiga motar Funtua ni kaɗai, na ce wa Uwa zan kai wa maijego yaji. Gidan su Mus'ab ya cika da hayaƙin turaren wuta da ƙamshin kunun kanwa, ga tukunyar ruwan wanka tana tafasa da ganyen darbejiya. A falo, bayan kujeru, kwalaye ne jere har kusa da taga, an buɗe na sama, kofuna ruwan hoda suna leƙowa. Na durƙusa na gaida Hajiya, mahaifiyarsu. Mace ce mai kamala, fara, ba ta ɗaga murya. Leshi ruwan zuma ne a jikinta, carbi a hannu. Tun da Mus'ab ya fara nemana ba ta taɓa nuna mini komai ba sai alheri, kuma wannan ne ya sa abin da ya biyo baya ya fi yi mini nauyi.

"Zauna, Raudatu," ta ce. "Mus'ab ya gaya mini. Bari in faɗa miki abin da yara suke kewayewa. Ni tsufan suna bai dame ni ba, ni ma na kakata nake ɗauke da shi. Gajeren sunan nan Yasmin ce ta gano shi a waya, ni ko faɗinsa ban iya ba. Amma ki gaya mini tsakaninki da Allah: matar nan ta haihu ko ba ta haihu ba?"

"Ta haihu, Hajiya."

"Ina suke?"

Na sunkuyar da kai.

"Wabi ta yi ta yi har ta gama haihuwa. Yasmin kuma bara ta yi ɓari, ke kika kwana da ita a asibiti. Wannan ce ta farko da muka gani da ido, muka ji kukanta. In zuba ido a ɗauko sunan da bai taɓa raya ɗa ba a ɗora mata?"

"Hajiya, rai da ajali na Allah ne."

"Na riga ki sani. Amma Allah bai hana uwa jin tsoro ba." Ta ja carbinta. "Kuma ko an sa, wa zai kira? Ke ba ki iya faɗinsa, Sada ba ya iya faɗinsa. Sakaya shi za ku yi, ku ce Ummi ko Walida. To mene ne ribar?"

Na san a gaban wa nake, na san abin da ake nufi da yarinya ta mayar wa uwar mijin da za ta aura magana. Amma na tuna wuyan tunkiyar nan babu ƙyalle.

"Hajiya, ki gafarce ni," na ce, idona a ƙasa. "Sunan da aka sakaya don girmamawa yana nan, kowa ya san na wane ne. Wanda aka ƙi sawa kuma kowa ya san dalili. Kin ce ba ta taɓa raya ɗa ba. Wanda kika ba wa 'yarki, wa ya raya shi? Wadda ɗanki yake nema, wa ya raya ta?"

Hajiya ta ajiye carbin a hannun kujera.

"Ashe haka bakinki yake," ta ce a hankali. "Gara da na ji shi tun kina waje. Asabar dai ba ta zo ba tukuna."

Na tashi na shiga ɗakin maijego. Yasmin tana zaune a bakin gado, ta ɗaure kai da ɗankwali, idanunta sun faɗa. Ta ji komai. Ta miƙo mini jaririyar, 'yar mitsitsiya, mai gashi kwance, da hancin Yaya Sada sak.

"Rauda, wallahi ba ƙin Uwa nake yi ba," ta ce, hawaye yana sauko mata. "Ita ta riƙa dama mini kunu lokacin da ba na iya cin komai. Sunan nan burge ni kawai ya yi, ban ɗauke shi da zafi ba. Amma tun da Hajiya ta yi maganar nan, ko atishawa yarinyar nan ta yi sai gabana ya faɗi."

Na riƙe hannunta har jaririyar ta yi barci.

A mota, muna wuce gonakin Bakori inda aka karya masara aka jingine karan, tunani ya hana ni sakat. Idan na tsaya kai da fata aka sa sunan, sannan Allah ya jarrabi yarinyar da ciwo, wa za a nuna da yatsa? Da wane ido zan dubi Yasmin? Ba ni na ɗauki cikin ba, ba ni na yi naƙuda ba. Wace ce ni da zan ƙara wa maijego tsoro a kan tsoro? Na juya wannan tambaya ta kowace fuska, kuma ba zan ce muku na rabu da ita ba har yanzu. Sai dai akwai wata da ta fi ta nauyi. Idan muka janye sunan bayan an faɗa mata, me muka gaya wa Uwa? Mun gaya mata cewa abin da mata suka yi ta raɗawa a bayanta shekara da shekaru gaskiya ne, cewa akwai wani abu a jikinta da ke cinye 'ya'ya, kuma mu da muka ci daga hannunta muka rayu, mu ma mun yarda. Kafin mu shiga Malumfashi na san abin da zan yi, ko da ban san abin da zai ci mini ba.

Yaya Sada ya iso ana gobe suna, da yamma, rigarsa duk ƙurar hanya. Na same shi a bayan gida shi da Baffa Rabe, suna duba ragon suna. A al'adarmu, ko da jariri yana gidan kakanninsa na wajen uwa, a ƙofar gidan uba ake raɗa suna: uba ya gaya wa babba a dangi, babba ya raɗa wa liman, a yanka rago, sannan a ɗauki nama a kai wa maijego. Baffa ne zai raɗa.

"Ni dai abin da uba ya sa mini a kunne shi zan sa wa liman," in ji Baffa, yana buɗe bakin ragon yana duba haƙora. "Amma ku gaya mini, wannan Aira ɗin, ba shi ne maganin feshin da muka sa wa waken suya bana ba?"

Babu wanda ya yi dariya. Yaya Sada ya share fuska da hularsa.

"Raudatu, Hajiya ta kira ni tun ina hanya," ya ce. "Ta gaya mini yadda kuka yi. Ni ba don kaina ba, aurenki nake dubawa. Ke marainiya ce, kin sami gidan mutunci, ba zan zama sanadin rushewarsa ba. Uwa ma ta kira ni ɗaki ta ce in bari, ta yafe."

"Yaya, tun da kake, ka taɓa jin Uwa ta nemi wani abu don kanta?"

Ya kau da kai, ya dubi ragon.

"Kai ka kira ta. Ba ta roƙe ka ba. Tana zaune da kalwarta lafiya lau ka ce mata ta yi takwara."

"Na sani! Kina tsammanin ban sani ba? Amma me kike so in yi, in zaɓa tsakaninki da ita?"

"A'a," na ce. "Ni zan cire kaina daga ciki, sai ka zaɓa da hannu sake."

Na fito da wayata daga cikin mayafi, na kira Mus'ab, na sa ta a sifika. Bugu ɗaya ya ɗauka.

"Rauda, sai yanzu? Tun jiya nake..."

"Ga Baffa ga Yaya suna jin ka," na katse shi. Na ji ya gyara murya ya gaishe su. "Abin da ke tsakanina da kai ka san shi, ba sai na faɗa a gaban manya ba. Amma idan zuwan danginka ranar Asabar yana rataye da sunan jaririyar nan, to a sauke shi. Ba zan taka sunan Uwa in shiga ɗakinka ba."

"Kin san abin da kike faɗa kuwa?"

"Na sani."

"Ni ban ce na fasa ba, Rauda. Maganar daddawa ma kuskure ne, na yi nadama. Amma Hajiya uwata ce."

"Ni ma tawa nake karewa."

Sai wayar ta mutu. Baffa Rabe ya saki bakin ragon, ya dube ni kamar yau ya fara ganina, ya ce, "Ikon Allah," ya wuce masallaci.

Yaya Sada ya zauna a kan turmin da aka kifa. Ya jima yana kallon 'yar tunkiyar mai baƙin kunne.

"Ke ba za ki tuna ba," ya ce, "lokacin da na yi ƙyanda. Da majanyin can ta goya ni zuwa asibiti, ina ƙato, ƙafafuna suna jan ƙasa. Duk wanda ya ce mata, ya jikin ɗanki, sai ta ce, ba nawa ba ne, riƙo ne. Na ji haushi, na ɗauka ƙina take yi. Sai da na girma na gane ɓoye ni take yi, don kada abin da ya ɗauke nata ya ji cewa ni ma nata ne."

Ya tashi ya kakkaɓe rigarsa. Bai gaya mini abin da ya yanke ba, ni kuma ban tambaya ba.

Da safe, bayan an fito masallaci, maza suka cika tabarmin ƙofar gida. Muna jiyo gaishe-gaishensu da ƙarar farantin goro da dabino yana zagayawa. Mata 'yan uwa da maƙwabta suka taru a tsakar gida, kowa ta ga sitatus, kowa tana satar kallon Uwa. Ita kuwa ta zauna a bakin murhu tana dama koko, ta juya wa ƙofa baya, da tsohon zanenta na aiki, kamar ranar ba ta shafe ta ba. Na tsaya a bakin zaure ta ciki, na jingina da bango.

Liman ya yi addu'a, aka shafa. Sai shiru. A cikin shirun nan ne Yaya zai sunkuya ga Baffa, Baffa ya sunkuya ga liman. Sannan Mudi sanƙira, wanda muryarsa ke kai wa ƙarshen unguwa, ya yi gyaran murya.

"Jama'a, a saurara! Sunan jaririya Lauratu! Allah ya raya Lauratu!"

"Na'am," in ji Uwa.

Ta faɗe shi ne da ƙarfi, ta waiga da ludayi a hannu, kamar yarinyar da aka kira daga ɗaki. Wata ta fara dariya, sai ta haɗiye. Uwa ta dubi fuskokinmu ɗaya bayan ɗaya, sannan ta gane. Ludayin ya sulale cikin tukunya.

"Rabon da in ji shi da ƙarfi haka," ta ce, "tun ranar da aka ɗaura mini aure."

Matar Baffa ta rangaɗa guɗa, sauran suka ɗauka. Uwa ba ta yi kuka a gabansu ba. Ta miƙe, ta ratsa su, ta nufi bayan gida. Da na bi ta, na tarar ta kwance bakin zanenta ta ciro jan ƙyallen. Ashe a nan ta ƙulle shi tun ranar. Na taya ta ɗaura shi a wuyan tunkiyar.

Hantsi ya yi, an feɗe rago, an shirya nama a manyan robobi, motar da Baffa ya ɗauko tana jira a ƙofa, sai wayata ta yi ƙara. Mus'ab ne.

"Labari ya iso. Hajiya ta ce kada a shigo mata da naman. Ta ce ni zan tsaya a bakin ƙofa in tare ku."

Na karanta, na sake karantawa. Na tuna hular nan mai karkata hagu, da sunayen da muka yi ta tura wa juna da safe. Sannan na rubuta masa: "To, mu haɗu a ƙofar."

Uwa ta fito daga ɗaki cikin atamfar da take ajiya don Sallah, ta ɗaura kallabi, ta sa kwalli. Majanyin yana ninke a hammatarta, igiyar tunkiya tana hannunta. Ta ga fuskata, ta ga wayar.

"Mi aka ce?"

Na gaya mata, ban rage komai ba. Ta saurara har ƙarshe, ta gyara zaman majanyin.

"Ba wurin Hajiya za ni ba," ta ce. "Takwarata za ni gani."

Na karɓi igiyar daga hannunta, na shige gaba.